Mainasara Zai Kai Inna Agadas

Ranar da Mainasara ya yi ban kwana da mutanen Madarumfa zai tafi Agadas, shanun noma ne suka jawo motarsa daga cikin tafki. Ta baya suka jawo ta, tana zubar da ruwa ta kowace ƙofa, shi kuma yana biye da laka har gwiwa, takalmi ɗaya a hannu, ɗayan ya bar wa tarwaɗa.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, katangar kuma gajera ce, don haka ba labari aka ba ni ba. Da safen nan an taru a ƙofar gidansa kamar ana suna. Liman ya yi addu'a aka shafa. Tsohuwarsa, Inna Inde, ta fito da ƙullin kayanta ta zauna a zaure tana jiran a ce ta shiga, don saboda ita ake tafiyar. Sai Mainasara ya zagaya motar, ya goga mata yatsa, ya dubi yatsan, ya ce shi ba zai shiga Agadas da mota mai dauɗa ba, kada mutanen can su ce haka ƴan Madarumfa suke. Hanyar da rabinta rairayi ne, shi tun daga nan zai yi wa mota wanka.

Ya ce da tsohuwa ta ɗan jira. Ya ja motar da kayanta niƙi-niƙi ya nufi bakin tafki. Ko akuya a garin nan ta san halin bakin tafki bayan damina: sama ya bushe ya tsattsage, ƙasa kuwa kunu ne. Shi kuma ɗan masunci ne, a cikin lakar nan ya koyi tafiya. Amma ƙyuya ta hana shi jidar ruwa da bokiti, ya ce bari ya matsa da ita kusa. Ta matsa. Ta ci gaba da matsawa ba tare da ya ce ta matsa ba, har sai da ruwa ya hau kan kujeru.

Masunta suka bar tarunsu suka zo kallo, mata masu wanki suka riƙe ƙugu. Wani ya ba shi shawara ya nemi filafili tunda dai ta zama jirgi. Daga ƙarshe sai da aka aika ƙauye aka kira kawunsa Tsoho ya zo da shanunsa. Aka ratso da ita ta tsakiyar gari, ranar kasuwa, gaban mutanen da suka yi masa fatan sauka lafiya da safe. Wasu har barka da dawowa suka yi masa, suna tambaya ya ya baro mutanen Agadas. Inna Inde tana zaure har aka kira azahar. Da ta ji kukan shanu a ƙofar gida sai ta ɗauki ƙullinta ta koma ɗaki.

Wanda bai san Mainasara ba zai ce tsautsayi ne. Mu da muka tashi tare mun san haka aka gina shi. Ubansa masunci ne na kirki, ya rasu ya bar masa jirgi da taru da garka mai kyau a gefen gulbi. Mainasara ya ce shi ba ya son aikin da mutum zai yini yana ƙarnin kifi. Ya tafi cin rani Katsina, ya yi karen mota na rani guda, ya dawo ya ce daga yau a riƙa kiransa Direba. Aka yi masa dariya, shi ya ɗauka amincewa aka yi. Ya gwada kabu-kabu, ya zubar da wata mai tallar nono da ƙwaryarta a gaban masallaci. Ya gwada sayar da mai a kwalba, ya kafa teburinsa jikin murhun mai shayi, sauran ba sai na faɗa ba, gashin girarsa dai bai gama dawowa ba har yau. Ya koma garka yana shuka zogale da tumatir, nan ne kaɗai Allah ya rufa masa asiri, don zogale ko ba ka da wayo fita yake. To garkar nan ita ya sayar ya sayi mota.

Motar ta riga ta gama rayuwarta tsakanin Maradi da Ɗan Isa kafin ta zo hannunsa. Fara ce mai dogon baya, ƙofarta ɗaya shuɗiya, ta wata motar daban. Ba ta tashi sai da turi, kuma mu maƙwabta mu ne batirinta. In ka ji Mainasara ya yi maka sallama da fara'a da sassafe, ka tabbata ba lafiyarka yake tambaya ba, kafaɗarka yake so. Wani lokaci yakan ɗebi fasinja zuwa Maradi, amma gidan da kifin da matarsa Dije ke soyawa yake tsaye, shi ma ya sani, ko da yake ƙarnin wannan kifin bai taɓa damunsa ba.

A cewarsa don uwarsa ya sayi motar. Inna Inde ƴaƴa biyu gare ta a duniya, shi da ƙanwarsa Talatu, wadda wani magini ya aura ya tafi da ita Agadas shekaru da dama. Talatu ta yi ta haihuwa a can, har da tagwaye, Inna ba ta san ko ɗaya ba sai muryarsu a salula, wato wayar hannu. Ga shi idonta ya fara dushewa. Likita a Maradi ya duba ya ce ba irin yanar da ake kankarewa ba ce, gani zai yi ta raguwa ne har ya ɗauke. Tsohuwa ba ta nemi komai ba sai abu ɗaya, ta ga fuskar Talatu da ta jikokinta tun da sauran haske.

Abin mai sauƙi ne. Kar tana tashi daga Maradi, babbar mota mai kujeru masu laushi, kowa ita yake shiga. Talatu ta ce za ta biya wa Inna kujera. Mainasara ya ce har abada, uwarsa ba buhun albasa ba ce da za a cusa cikin kar tare da mutanen da ba a san asalinsu ba, alhali ɗanta yana da mota. Talatu ta ce to ita bari ta kwaso yaran ta zo. Ya ce kada ta wahalar da kanta, suna nan tafe wata mai kamawa. Watan nan mai kamawa ya kama ya mutu ya sake kamawa har muka daina lissafi.

Don Mainasara ba ya tafiya haka kawai, sai ya shirya. Shirin kuma a fadarmu ake yinsa, gindin dogon yaro, bayan la'asar. Zai share ƙasa da tafin hannu, ya karyo tsinke, ya zana mana hanya. Nan Madarumfa, nan Maradi. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ko a yi gabas ta Tasawa zuwa Damagaram, a miƙe arewa ta Tanut, ko a yi yamma ta Madawa, a bi ta Tawa da Abalak. Zai sa dutse a inda za a sha mai, ya sa ƙwallon goruba a inda jandarmomi ke tsayawa, ya sa kashin awaki a inda gudron, wato kwalta, ya lalace. Mutumin da bai taɓa wuce Tasawa ba, amma zai gaya maka a wane gari ake da mai tuwo mai tsabta. Duk a tasha ya tsinto, wajen direbobin manyan motoci, kuma kowane direba da abin da yake gaya masa. Yau wani ya ce hanyar Tawa ta mutu, sai a goge yamma. Gobe wani ya ce ta Tanut ta fi ta mutuwa, sai a goge gabas. Mun je Agadas a ƙasan nan sau ba adadi, wani lokacin kafin mu isa Damagaram kaza ta tone mana gudron.

Sai shirin kaya. Ya sayi bido, wato jarka, na ruwa, ya sayi na mai, ya sayi igiya, ya sayi shebur don rairayi. Ya yi asirans ta mota, wato inshora, ta ƙare yana shiri, ya sake wata. Da damina ya ce ƙoramu sun yanke hanya. Da kaka ya ce sai an shigar da hatsi, shi da ba shi da gona. Da azumi ya ce ba a wahalar da tsohuwa. Da bazara ya ce zafi zai fasa masa taya.

Ga kuma maganar rana. Ya je wajen liman ya tambayi ranar da ta dace da tafiya. Liman ya ce duk ranaku na Allah ne, amma in ya samu Alhamis da sassafe ya fi. Bai tsaya nan ba, ya tafi ƙauye wajen kawunsa Tsoho, wanda yake kan al'adar kakanni. Tsoho ya duba abin da zai duba ya ce sai wata ya yi ƙarfi, kuma a yanka jan zakara a taɓa jinin a tayar gaba ta dama. Kowanensu ya faɗi nasa ya koma harkarsa. Mainasara ne ya zauna yana jiran ranar da maganar liman da ta Tsoho za su haɗu, kuma ya ɓoye wa kowanensu cewa ya je wajen ɗayan, a garin da in ka yi atishawa a bakin tafki ana yi maka sannu a tasha. Zakaran da ya saya ya yi ƙiba yana jiran ranarsa, har baƙi suka zo Dije ta yi musu miya da shi. Aka sayi wani.

Amma duk wannan wasa ne. Abin da ya danne tafiyar nan sallahu ne.

A garinmu in mutum zai yi tafiya mai nisa, mai hankali shiru yake yi, sai ana gobe ya sanar da na kusa. Don da zarar an ji, kowa yana da ɗa ko ƙane ko suruki a kan hanya, kuma kowa zai kawo abin da za a kai masa. Ba a ƙin sallahu. Wanda ya ce ba wuri, an gama da shi, har jikokinsa za a riƙa nunawa. Wanda ya karɓa kuma ya ɗauki amana, ba a mayar wa mai shi, sai dai a kai. Mainasara kuwa ba sanarwa ya yi ba, shela ya yi. A masallaci ya faɗa, a kasuwa ya faɗa, a wajen jana'iza ma ya faɗa. Kuma da yake hanyarsa biyu ce, sai ya karɓi na gabas ya karɓi na yamma.

Aka kawo buhunan gero da na wake. Aka kawo bandar kifi, busasshen zogale, ƙuli-ƙuli, daddawa, tabarmi, turmi sabo da taɓaryarsa. Wata ta kawo gadon ƙarfe na ƴarta da ke aure a Madawa. Wani ya kawo saƙon ɗansa da ke Diffa, garin da ko a zanen ƙasan nan bai taɓa fitowa ba, Mainasara ya karɓa ya ce ai duk hanya ce. Shi a wajensa yawan sallahu shi ne girman matafiyi. Yakan tsaya a ƙofar gida yana nuna wa masu wucewa ɗakin da ya cika, yana cewa ku dubi yadda gari ya yarda da ni.

Kande, wata bazawara ta bayan layinmu, ita ta kawo jar akuya a kai wa ɗanta a Tawa. Akuyar ta zauna gidan Mainasara tana cin dusar Dije, ta yi ciki, ta haihu. Aka zo fada ana gardama ko ƴaƴan na cikin sallahu ne ko na mai kiwo ne. Kande ta ce abin da ke cikin akuya na akuya ne, duk a kai. Mainasara ya ce ba komai, akwai wuri.

Da kayan nan a kanta motar ta shiga tafki ranar da na fara ba ku labari. Gero ya jiƙe ya tsiro a cikin buhu, bandar kifi ta koma inda ta fito. Na ɗauka daga nan zai yi hankali. Ina. Aka ja motar zuwa garaji a Maradi, ta yi watanni ana busar da cikinta, shi kuma ya bi gida-gida yana ba da haƙuri, yana cewa kowa ya sake kawo nasa, wannan karon ba fashi. Mutane kuwa suka sake kawowa, har da ƙari, don waɗanda ba su ji ba da farko yanzu labarin tafki ya kai musu.

A cikin watannin nan idon Inna na hagu ya rufe gaba ɗaya. Na dama ya rage kaɗan, kamar mai leƙe ta ramin zana. Wata safiya ina jin ta ta kan katanga tana gai da wani, tana tambayar ya gida ya yara, shiru ba amsa. Na leƙa, ashe turmin sallahu ne aka jingine a tsakar gida da zane a kansa. Dije ta ja ta gefe ta zaunar da ita. Mainasara yana nan zaune, yana ɗaure igiya a bido, ya yi kamar bai gani ba.

Mota ta dawo daga garaji, aka sake sa rana. Wannan karon ba a kira liman ba, kunya ta hana, amma masu sallahu duk sun zo, kowa yana so ya ga an ɗora nasa. Tun da hantsi ake lodi. Aka cika baya, aka cika kujerun tsakiya har rufi, aka ɗora gado da turmi a sama aka ɗaure. Motar ta durƙusa kamar raƙumi, cikinta saura kaɗan ya taɓa ƙasa. Ya rage akuyar Kande da ƴaƴanta, kuma ya rage kujera ɗaya, ta gaba. Kande ta ce akuyarta ba ta hawa sama, rana za ta kashe ta. Mainasara ya dubi akuya, ya dubi kujera, ya dubi zaure inda Inna ke zaune da ƙullinta a cinya.

Wallahi da kunnena na ji. Ya je ya tsuguna gabanta, ya rage murya, ya ce ya yi wani tunani. Tunda kaya sun yi yawa, kuma amanar mutane ce, me zai hana ita ta shiga kar daga Maradi, ai kujerunta da laushi, shi kuma ya biyo ta a baya da kayan, su haɗu a can. Mutumin da ya hana ta kar shekara da shekaru, yau ya tuna kujerunta da laushi, don akuya ta samu wuri.

Inna ta miƙe, ta laluba bango ta fito, ta tako har jikin motar, ta ɗora tafin hannu a kanta.

Ta ce, "Mainasara, motar nan wane launi gare ta?"

Ya ce, "Fara ce, Inna."

Ta ce, "Bara da kaina na san fara ce. Yau sai da na tambaya. Ba na so in je gaban Talatu sai na tambaya ko ita ce."

Ta juya za ta koma zaure. Shi kuma ya tsaya da baki buɗe, kamar tarwaɗar da aka jefo kan tudu. Na ce a raina yanzu zai kawo wata sabuwar dabara, ya ce a jira Alhamis. Sai na ga ya hau kan mota ya kama kwance igiya.

Gado ya fara saukowa, turmi ya biyo shi. Ya buɗe baya ya dinga jawo buhuna yana jibgewa a tsakiyar layi. Mutane suka ɗauka gyaran lodi yake, har wasu na taya shi. Sai da suka ga ya kwance akuyar Kande daga jikin ƙofa ya miƙa mata igiyar a hannu, sannan suka gane. Wuri ya kaure. Kande ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin an mayar da sallahu ba. Mai gadon ƙarfe ta ce ƴarta a ƙasa take kwana saboda shi. Wani dattijo ya ce ya tuna fa a garin nan zai dawo ya zauna. Mainasara dai ya ci gaba da sauke kaya. Ya kwashe komai tas, ya kama hannun Inna ya zaunar da ita a gaba, ya sa mata ƙullinta a ƙafa, ya dube mu ya ce a tura.

Muka tura. Ba Alhamis ba ce, watan Tsoho bai yi ƙarfi ba, zakara yana kan katanga yana kallo. Kuma don ku san Mainasara dai Mainasara ne, bayan ƙurarsa ta kwanta muka duba tulin kayan da ya zubar, sai ga tayarsa ta ko-ta-kwana da shebur da bidon ruwa a ciki. Abin da ya yi shekaru yana tarawa don hanya, shi ya fara jefarwa.

Sauran labarin ta salula muka riƙa jin sa, Talatu na gaya wa Dije, Dije na gaya wa katanga. Wai da ya isa mararrabar Maradi duk zanen ƙasan nan ya gudu daga kansa, sai ya ga wata babbar mota ta yi gabas ya bi bayanta. Taya ta fashe kafin Damagaram, ya yini bakin hanya yana ɗaga hannu. Bayan Tanut motar ta yi zafi ta tsaya, ba ruwan da za a zuba mata, sai da Inna ta ba da butar alwalarta. Ƙarshen hanyar ma ba da ƙarfinta ta yi ba, wata motar kaya ce ta ɗaure ta da igiya ta ja ta har cikin Agadas. Ta fita daga Madarumfa da turi, ta shiga Agadas da ja. Direba yana ciki yana murza sitiyari, wai shi tuƙi yake.

Amma sun isa. Talatu ta ce da aka fito da Inna, sai ta kama fuskarta da hannu biyu ta juya ta wajen rana, ta kawo idon nan na dama kusa, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce Talatu ta yi ƙiba, kuma wa ya ce ta cire haƙorin gaba. Aka jero mata jikoki ɗaya bayan ɗaya, kowane ta juya shi wajen haske. Ta ce tagwayen ba su ɗauko kowa a danginta ba, hancin ubansu ne, Allah ya ba su haƙuri. Ta ce kuma ita ta zo ke nan, ko a mafarki ba ta sake shiga motar Mainasara. Motar ma ba ta nemi a shige ta ba. Tana nan ƙofar gidan Talatu inda aka kwance ta, an ce kaji sun samu ɗaki.

Shi kuwa a kar ya dawo, cikin mutanen da ba a san asalinsu ba, da ledar dabino a hannu. Ya tarar da rabin gari ba ya amsa sallamarsa. Kande in ta hango shi sai ta tofar da yawu ta sauya hanya. Ba garka, ba mota, ba girman matafiyi, sai kifin Dije. Ya yi kwanaki bai fito ba, sannan wata la'asar ya zo fada ya zauna a gefen tabarma, ya ajiye dabinon a tsakiya. Kowa yana jiran wanda zai fara tsokanarsa. Ni kuwa ba na iya ganin irin wannan in ƙyale.

Na share ƙasa da tafin hannu, na karyo tsinke na miƙa masa. Na ce Direba, zana mana inda aka ɗaura mata igiya, don mu san inda za mu sa kashin awaki. Aka fashe da dariya. Na ce ka sayar da garkar ubanka, ka ɓata da gari, ka kai wa kajin Agadas ɗaki kyauta, ka dawo a motar da ka ce ta buhun albasa ce, to yanzu wane suna za mu riƙa kiranka da shi?

Bai karɓi tsinken ba. Ya ɗauki dabino ɗaya ya ci, ya tofar da ƙwallon, ya jira dariya ta lafa.

Ya ce, "Kira ni duk abin da ka ga dama, Ɗanlami. Ni dai tawa uwar na kai ta Agadas ta ga ƴarta. Taka tana nan Gabi, inda jaki ke zuwa ya dawo kafin azahar. Yaushe rabon da ta ga fuskarka?"